Yadda Ake Tsara Aikin Yaƙi da Ciwon Hanta a Cikin Al'umma

Idan ranar 28 ga Yuli ta zagayo, ranar da duniya ta ware domin ciwon hanta, abin da aka saba gani shi ne rumfa da kujeru da kwalayen kayan gwaji. A yi ta tsikarar yatsun mutane tun hantsi har la'asar, a ɗauki hotuna, a ƙirga mutum nawa aka gwada, a watse. Wanda gwajinsa ya fito da layi biyu, wato ya nuna alamar cutar, sai a miƙa masa 'yar takarda a ce, "Ka je ka ga likita." Wane likita? A wane asibiti? Me za a yi masa idan ya je? Babu wanda ya tanadi amsa. Mutumin da ya fito da safe garau sai ya koma gida gwiwa a sanyaye. Kafin dare an ware masa kofi da cokali, kafin wata ya ƙare ya faɗa hannun masu haɗe-haɗen da ke rantsuwa za su wanke masa hanta cikin kwana bakwai. Garin neman gira an rasa ido.

Shi ya sa nake ganin duk mai son yin wannan aiki, ƙungiya ce ko ma'aikatan ƙaramin asibiti ko 'yan sa-kai, gara ya faro shi daga ƙarshe. A fara sanin inda mai ɗauke da cutar zai dosa, sannan a buɗe kwalin gwaji. A kan haka na jera matakan da ke tafe.

Mataki na farko: ku san da wa kuke faɗa

Ƙwayoyin bairos biyar ne ke jawo ciwon hanta, an raɗa musu A, B, C, D da E. Sunan ne ɗaya, hali kowa da nasa. A da E ta baki suke shiga, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Sukan kwantar da mutum, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, amma galibi cikin 'yan makonni sun wuce ba su zauna a jiki ba. Sai dai nau'in E ba ya wasa da mai juna biyu: a watanni ukun ƙarshe yakan kashe har mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu. Kariya daga waɗannan biyun ita ce tsaftataccen ruwa, masai mai kyau da wanke hannu, kuma A yana da allurar rigakafi.

B da C su ne masu kisan mummuƙe. Ta jini suke shiga, su yi shekara ashirin ko talatin ba ko ciwon kai, suna cin hanta a hankali har ta taurare ta cika da tabo, ko ta zama sankara. D kuwa ɗan raka-ni ne, ba ya rayuwa sai a jikin mai B, don haka wanda aka yi wa rigakafin B ya tsira daga D ma.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da B, miliyan 50 kuma da C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar, wato kimanin 3,500 kowace rana. Abin da ya fi tayar da hankali: cikin masu B, kashi 13 cikin 100 kacal suka san suna da shi, kuma kusan kashi 3 ne ke shan magani. A 2016 ƙasashen duniya suka yi alƙawarin rage sababbin kamuwa da kashi 90 da mace-mace da kashi 65 kafin 2030. Akwai sauran aiki.

Idan 'yan tawagarku za su riƙe abu ɗaya tak daga wannan mataki, to ya zama wannan. Babban da ya kamu da B, jikinsa yakan kore shi, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne cutar ke zamar musu ta dindindin. Jariri kuwa, kusan kashi 95. Yawancin masu ɗauke da B a wuraren da ya yi yawa tun suna cikin tsumma suka same shi, daga uwa lokacin haihuwa ko daga cuɗanyar yara da ƙananan raunuka. Wannan magana guda ita ce za ta gyara muku faɗakarwa, ita ce kuma za ta nuna muku inda za ku zuba ƙarfinku.

Mataki na biyu: ku share hanyar da za a bi bayan gwaji

Ku taka da ƙafarku zuwa asibitin da za ku riƙa tura mutane, ku zauna da wanda zai karɓe su. Ku tambaya dalla-dalla. Suna gwajin aikin hanta, wato ALT da AST, da ƙidayar ƙwayoyin da ke daskarar da jini? Suna auna yawan ƙwayar cutar a jini, ko kuwa akwai inda suke aika jinin, kuma kwana nawa sakamako ke ɗauka? Akwai sikanin na ciki? Akwai gwajin ƙoda da na HIV? Maganin yana samuwa kodayaushe, ko yakan yanke? Wace rana ce ta masu ciwon hanta, kuma sababbin mutum nawa za su iya gani a mako?

Amsar tambayar ƙarshen nan ita ce ma'aunin aikinku. A ce asibitin mutum goma zai iya gani a mako, kuma ana sa ran samun mutum takwas cikin kowane ɗari da kuka gwada. Idan kun gwada dubu a yini ɗaya kun tara mutum tamanin, na ƙarshensu sai ya jira wata biyu. Da yawa ba za su jira ba. Gwajin mutum ɗari kowane mako na tsawon mako goma ya fi, ko da yake ba ya kyau a hoto.

A wannan matakin ne kuma za ku nemi izinin hukumar lafiyar yankinku, ku buga takardar turawa mai kwafi biyu, ɗaya ga mara lafiya ɗaya gare ku, ku kuma tabbatar akwai allurar rigakafi ga waɗanda za a samu ba su da cutar. Gwada mutum a ce masa ba shi da ita, a sallame shi ba allura, rabin aiki ne.

Mataki na uku: faɗakarwa

Kada ku fara da hotunan kumburarren ciki da rawayar ido. Tsoro yana tara jama'a su kalla, amma ba ya kawo su layin gwaji. Kada kuma ku buɗe magana da jima'i. Gaskiya ne B yana yaɗuwa ta wannan hanya kuma kwaroron roba yana karewa, za a faɗi haka a inda ya dace, amma idan da shi aka fara, duk wanda aka samu da cutar ya zama abin zargi a gidansa, alhali mai yiwuwa da ita aka haife shi.

Ku ba hanyoyin da cutar ba ta bi lokaci mai tsawo, domin a nan ake cutar da mutane. B da C ba sa yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a kofi ɗaya, ko gaisawa, ko runguma, ko tari, ko zufa, ko cizon sauro. Uwa mai B za ta shayar da ɗanta nono. Babu dalilin korar ma'aikaci ko ɗalibi, babu dalilin fasa aure: a gwada ɗayan, idan ba shi da cutar a yi masa rigakafi ya kammala. Na fi so a maimaita wannan sau uku a taro ɗaya da a kawo sunayen Turanci goma da ba wanda zai tuna.

Sannan hanyoyin gaskiya: daga uwa zuwa jariri, allurar da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a tantance ba, reza da abin yanke farce da buroshin haƙori na tarayya, kayan huda kunne da zanen jiki, da duk abin da ke tsaga fatar wani ya koma ta wani. Ƙwayar B tana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jini tana nan da ranta. Don haka masu aski, masu yankan farce, masu sayar da magani da ke yi wa mutane allura da ungozomomi su ne ɗalibanku na farko, kuma a matsayin abokan aiki za ku je musu, domin wanda aka je wa da tuhuma ba ya saurare. Ƙa'idar gajeriya ce: sabuwar reza ga kowane kai, sabon sirinji ga kowace allura, a ɓare shi a gaban mai shi.

Labarin Masar yana shiga kunne sosai a irin wannan zama. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 an yi wa miliyoyin mutane allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi da ake maimaitawa, sai ƙasar ta wayi gari tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan masu C a duniya. Ita ce kuma ta gwada sama da mutum miliyan 60, ta yi wa sama da miliyan 4 magani, har a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matsayin zinare a hanyar kawar da cutar, ƙasa ta farko da ta samu.

Idan akwai mai ɗauke da cutar da ya yarda don kansa ya yi magana, ku ba shi lasifika. Mutum ya tsaya da ƙoshin lafiyarsa ya ce shekara kaza yana shan magani, yana aikinsa, 'ya'yansa duk ba su da ita, ya fi jawabin likita uku.

Mataki na huɗu: ranar gwaji

Ku fara da waɗanda suka fi buƙata: masu juna biyu, iyalan wanda aka riga aka samu da cutar, ma'aikatan lafiya, masu HIV, masu wankin ƙoda da waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini, masu tsira wa kansu allurar ƙwaya, da mazauna gidan yari. Inda cutar ta kai kashi 2 cikin 100 na jama'a, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a buɗe wa kowane baligi ƙofar gwaji.

Ku duba ranar lalacewar kayan gwajin, kada ku bar su a cikin mota a rana, ku karanta sakamako a daidai mintunan da takardar cikin kwalin ta faɗa. Idan layin tabbatarwa, wato wanda ke nuna kayan gwajin sun yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Akwatin zubar da allurai ya kasance kusa da hannu. Ba a gwada kowa sai da yardarsa, ba a kuma faɗin sakamako sai a keɓe. Ku lura da wani abu ƙarami: idan masu layi ɗaya suna fita cikin minti guda, masu layi biyu kuma suna daɗewa a bayan labule, jama'ar da ke layi sun gama karanta sakamakon kowa. Ku zaunar da kowa tsawon lokaci kusan ɗaya.

Gwaje-gwajen biyu ba ma'anarsu ɗaya ba. Na B, wanda ake kira HBsAg, idan ya nuna to ƙwayar tana jiki yanzu, kuma idan ta wuce wata shida ta zama ta dindindin. Na C kuwa sawun ƙwayar yake nunawa, wato ta taɓa shiga. Kusan kashi 30 cikin 100 jikinsu ya riga ya kore ta, don haka sai an yi gwaji na biyu mai neman ƙwayar kanta kafin a ce mutum yana da C.

Ga yadda maganar takan kasance. Dattijo ya kalli layi biyun ya ce, "Yarinya, faɗa mini gaskiya, kwana nawa ya rage?" Kada a ce masa ba komai, kada kuma a zuba masa karatu. A ce, "Baba, gwajin ya nuna kana ɗauke da ƙwayar, amma bai nuna hantarka ta lalace ba. Wannan sai an duba. Mutane da yawa suna tsufa da ita. Akwai magani idan ana buƙata. Ranar Talata za ka je wurin wance, ga takarda, ta san da zuwanka." Sai a yi shiru a bar shi ya yi tambaya. Daga baya a roƙe shi ya kawo iyalinsa, a kuma tambaye shi ko yana so a taya shi yi musu bayani.

Mataki na biyar: rigakafi, musamman na ranar haihuwa

Idan ƙarfinku bai kai ku yi komai ba sai abu ɗaya, ku yi wannan: kowane jariri ya samu allurar B cikin awa 24 da haihuwarsa, ko an san matsayin uwar ko ba a sani ba. Allurar biyar-a-ɗaya da ake kira penta, wadda ƙasashe da yawa ke bayarwa a mako na 6, na 10 da na 14, tana ɗauke da rigakafin B, amma kafin mako shida ƙwayar da jariri ya ɗauka wajen haihuwa ta riga ta kafu. Ta ranar haihuwa daban ce, ta B ce zalla, ba a maye gurbinta da penta. A yankin Afirka, inda kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa da B ke faruwa, kashi 18 ne kawai na jarirai ke samun ta, in ji rahoton 2024 da aka ambata. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin a 1984, yaran da ke ɗauke da ƙwayar suka sauko daga kusan kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 1, sankarar hanta a yara ma ta ragu.

Abin da ke hana ta ƙananan abubuwa ne. An haihu daren Juma'a, mai riƙe da makullin firji sai Litinin. Ma'aikaciya ta ƙi buɗe kwalba mai allura goma saboda jariri ɗaya. An haihu a gida, ba wanda ya kawo labari sai bayan mako. Maganin kowanne a bayyane yake: a ajiye allurar a ɗakin haihuwa, a koya wa masu karɓar haihuwa yin ta dare da rana, a ba da umarni a rubuce cewa a buɗe kwalba ko don jariri ɗaya, a kuma ba kowace ungozoma lambar da za ta kira da zarar an sauka. Idan awa 24 ta wuce a yi ta duk da haka, da wuri-wuri, ko da yake ƙarfin kariyar yana raguwa da kowace rana. Jaririn da bai kai kilo 2 ba shi ma a yi masa, sai dai ba za a lissafa ta ba, zai karɓi uku cikakku bayanta.

Manya allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Wanda ya makara ba ya farowa daga farko, daga inda ya tsaya zai ɗora. Jariri a gefen cinya ake yi masa, babba a damtse, ba a ɗuwawu ba, domin kitsen wurin yana rage aikinta. Wanda ya kammala yana samun kariya kusan ɗari bisa ɗari, ta aƙalla shekara 20, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwa. Wanda ya riga ya kamu ba ta yi masa magani, shi ya sa gwaji ke gaba ga manya.

Wajen ajiya, ƙanƙara ce babbar abokiyar gabar wannan allura, fiye da zafi. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, kada ta jingina da bangon firji ko ta taɓa ƙanƙarar da ke cikin akwatin ɗauka. Idan kuna zargin ta daskare, ku ɗauki wata kwalbar daga rukuni ɗaya ku daskarar da ita da gangan, ku bari ta narke, ku girgiza su biyun tare, ku ajiye su gefe da gefe a wuri mai haske. Idan wadda ake zargi ta kwanta ƙasa da sauri kamar daskararriyar, ta mutu, a cire ta. A jikin kwalbar kuma akwai 'yar alama mai kusurwa huɗu a cikin da'ira: idan ta yi duhu kamar da'irar, zafi ya gama da ita.

Ma'aikacin da allurar mara lafiya ta soke shi, idan bai yi rigakafi ba, ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya nemi allurar rigakafin B a ranar, kada ya jira gobe.

Mataki na shida: kula da wanda aka samu

Ba kowane mai B ne zai fara magani nan take ba, amma kowa sai an duba shi. A Maris ɗin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa waɗanda suka cancanta, daga ɗan shekara 12 zuwa sama: wanda hantarsa ta fara tabo, wanda yawan ƙwayar da ke jininsa ya haura 2,000 a ma'aunin IU/mL kuma ALT ɗinsa ya hau, mai HIV ko C ko D, da wanda aka taɓa yin sankarar hanta a danginsa. Inda babu na'urar auna taurin hanta, likita yana iya haɗa AST da ƙidayar ƙwayoyin daskarar da jini ya fitar da lissafin da ake kira APRI, idan ya wuce 0.5 ya isa dalili.

Maganin tenofovir ne ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. A gaya wa mutum gaskiya tun farko: danne cutar yake yi, ba ya kawar da ita, kuma yawanci shan sa na tsawon rai ne. Dainawa kwatsam na iya tayar da cutar da ƙarfin da zai kai ga kisa, don haka wanda ya ga maganinsa zai ƙare ya yi magana tun da sauran na mako biyu. A gwada HIV kafin a fara, a riƙa duba ƙoda. Wanda bai kai ga shan magani ba ya dawo aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai tabon hanta ko mai tarihin sankara a dangi, sikanin duk wata shida. Mai juna biyu da ƙwayar ta yi wa yawa a jini ana ba ta tenofovir kafin haihuwa, jaririnta ya samu allurarsa a ranar farko, a gwada shi yana wata 9 zuwa 12.

C kuwa ana warkewa sarai. Magunguna irin su sofosbuvir da daclatasvir, galibi na mako 12, suna warkar da sama da kashi 95 cikin 100. A gwada B kafin a fara, domin maganin C yana iya tayar da B da ke kwance. Mako 12 bayan gamawa a sake neman ƙwayar a jini don tabbatarwa. Gwajin yatsa zai ci gaba da nuna layi biyu ko bayan an warke, a faɗa wa mutum kada ya firgita. C ba shi da rigakafi, kuma ana iya sake kamuwa.

Ga kowa: a bar giya gaba ɗaya, a guji abincin da ya yi fumfuna, kada a sha wani magani ko haɗi sai likita ya sani. Aman jini, baƙin bayan gida, kumburin ciki, rikicewar tunani ko yawan barci ba na jiran ranar asibiti ba ne, a tafi a lokacin.

Mataki na bakwai: littafin bibiya

Littafi ɗaya, a kulle, a hannun mutum ɗaya. Suna, lambar waya, sakamako, ranar turawa, ranar da ya isa asibiti, allura ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ƙarshen kowane wata a haɗa kwafin takardun turawa da rajistar asibiti, a ga su wa suka ɓace a hanya. Idan za ku kai rahoto ga masu tallafa muku, adadin waɗanda aka gwada ya zo a ƙarshe. Na gaba su ne mutum nawa suka isa gaban likita, nawa suka karɓi allura ta uku, jarirai nawa aka yi wa cikin awa 24.

Wanda bai je ba a kira shi. Tun ranar gwaji a tambaye shi lambar da ya yarda a kira da lokacin da ya fi so. Idan wani ne ya ɗauki wayar, kada a ambaci hanta ko gwaji ko asibiti, a ce kawai, "Don Allah idan Malam ya dawo a ce masa ya neme ni a wannan lambar."